Ignaz Semmelweis, likitan da ya gano ajalin masu jego a hannun likitoci

A watan Afrilun 1847, mata 312 ne suka haihu a sashen haihuwa na farko na babban asibitin Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya. Daga cikinsu 57 ba su koma gida ba, zazzaɓin jego ya kashe su. Wata uku bayan haka, a watan Yuli, mata 250 suka haihu a wannan sashe, uku kacal suka rasu. Ginin bai canza ba, likitocin su ne dai na da, kuma babu wani sabon magani da aka kawo. Abin da ya ƙaru shi ne kwanon ruwan kulorin da aka ajiye a bakin ƙofa, da wani matashin likita ɗan shekara 28 da ya tsaya kai da fata cewa ba wanda zai taɓa mai naƙuda sai ya wanke hannu a cikinsa. Sunansa Ignaz Semmelweis. A yau duk inda ake koyar da yaƙi da cututtukan da majinyaci ke ɗauka a cikin asibiti, da sunansa ake farawa. A zamaninsa kuwa an raba shi da aikinsa, an yi masa dariya, kuma a gidan masu taɓin hankali ya cika.

Ɗan mai kanti daga Buda

An haifi Semmelweis ranar 1 ga watan Yulin 1818 a unguwar Taban ta garin Buda, wanda daga baya ya haɗe da Pest suka zama Budapest, babban birnin Hangari. A lokacin Hangari tana ƙarƙashin daular Ostiriya. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, yana da babban kantin kayan masarufi da kayan yaji, kuma Ignaz shi ne na biyar cikin ƴaƴa goma. A 1837 ya tafi jami'ar Biyana da niyyar karatun shari'a, amma shekara ɗaya kawai ya yi ya koma fannin likita. Ya kammala a 1844.

Biyana a wannan zamani ita ce cibiyar wani sabon salon koyon likita: feɗe gawa domin a ga da ido abin da cuta ta yi wa jiki. Babban malamin wannan fanni, Carl von Rokitansky, yana cikin waɗanda suka koyar da Semmelweis, tare da Joseph Skoda da Ferdinand von Hebra. Matashin ya nemi gurbi a fannin cututtukan cikin jiki bai samu ba, sai ya karkata ga fannin haihuwa, wanda manyan likitoci ba sa ɗauka da daraja sosai. Ranar 1 ga Yulin 1846 aka naɗa shi mataimakin Farfesa Johann Klein, shugaban sashen haihuwa na farko. Aikinsa ya haɗa da duba mata kowace safiya, kula da haihuwa mai gardama, koyar da ɗalibai, da kuma riƙe rajistar sashen. Wannan aiki na ƙarshe, wanda wasu ke rainawa, shi ne ya buɗe masa ido.

Sassa biyu a asibiti ɗaya

Matan da ke zuwa haihuwa a asibitin yawancinsu talakawa ne, da yawa kuma ba su da aure. Ana karɓar haihuwarsu kyauta, a madadin haka ɗalibai na koyon aiki a kansu. Sassan haihuwa biyu ne. A na farko ake horar da ɗaliban likita, a na biyu kuma ungozomomi. Ba mace ce ke zaɓa ba, ranar da naƙuda ta kawo ta ita ke nuna sashen da za a kwantar da ita.

Zazzaɓin jego yakan fara ne kwana biyu ko uku bayan haihuwa: jiki ya ɗau zafi, a yi ta rawar ɗari, ciki ya kumbura da ciwo mai tsanani, cikin ƴan kwanaki sai rai ya yi halinsa. Sau da yawa jaririn ma yakan bi uwarsa. Da Semmelweis ya tattara alƙaluman 1841 zuwa 1846, ya ga cewa a sashe na farko mata 1,989 suka mutu cikin haihuwa 20,042, kusan ɗaya cikin goma ke nan. A sashen ungozomomi kuwa 691 ne cikin 17,791, bai kai huɗu cikin ɗari ba. Matan gari sun riga sun san da wannan bambanci tun kafin a rubuta shi. Wasu kan durƙusa suna roƙo kada a kai su wajen likitoci. Wasu kan haihu a kan hanya sannan su iso da jariri a hannu. Abin mamaki, waɗanda suka haihu a titi ba safai zazzaɓin ke kama su ba.

Manyan malamai suna da bayanai iri-iri. Wasu sun ce gurɓatacciyar iska ce ke yawo a gari, wasu sun ce cunkoso ne, wasu tsoro, wasu kuma kunyar da mace ke ji idan maza suka duba ta. Semmelweis ya ɗauki waɗannan bayanai ɗaya bayan ɗaya yana gwada su da abin da ke cikin rajista. Iskar da ke kaɗawa a sassan biyu ɗaya ce, abinci ɗaya, rufi ɗaya. Sashen ungozomomi ma ya fi cunkoso. An ce ƙararrawar da ake kaɗawa gaban limamin coci idan zai je wajen mai gargara ita ke firgita mata, sai ya roƙi limamin ya sauya hanya kuma ya bar ƙararrawa. Mutuwa ba ta ragu ba. Ya lura ungozomomi na kwantar da mai naƙuda a gefenta, likitoci kuma rigingine, sai ya sa aka koma irin na ungozomomi. Nan ma babu sauyi.

Ya koma tsofaffin rajistoci tun daga buɗe asibitin a 1784. A shekarun farko, zamanin Johann Lukas Boër, mace-macen ba su cika wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Sun fara hawa ne daga 1823, lokacin da Klein ya karɓi sashen aka kuma shigar da koyo a kan gawa. Amsar tana gabansa, amma bai gane ta ba tukuna. Hasali ma, saboda ƙwazon neman dalilin, shi kansa kan fara kowace safiya a ɗakin gawa yana feɗe matan da suka rasu jiya, daga nan ya wuce kai tsaye ɗakin haihuwa.

Mutuwar aboki

A farkon watan Maris na 1847 ya tafi hutu birnin Banis na Italiya domin ya sarara. Da ya dawo sai ya tarar abokinsa Jakob Kolletschka, farfesa a fannin binciken gawa na shari'a, ya rasu. Wani ɗalibi ne ya yanke shi a yatsa da wuƙa bisa kuskure suna cikin feɗe gawa, ciwon ya ruru ya bi jini. Semmelweis ya karanta rahoton binciken gawar abokin nasa, ya ga kumburi da mugunya a wuraren da ya saba gani a jikin masu jego. Namiji ne, bai haihu ba, amma cutar ɗaya ce.

Daga nan zaren ya warware. Idan abin da wuƙa ta ɗauko daga gawa ya kashe Kolletschka ta ƙaramin rauni, to hannun da ya fito daga cikin gawa zai iya kai wannan abu cikin mahaifar macen da ta haihu, wadda ita kanta ɗanyen rauni ce. Ungozomomi ba sa feɗe gawa. Matan da suka haihu a titi ba wanda ya duba su. A lokacin ba a san ƙwayoyin cuta ne ke haddasa irin wannan ba, don haka ya kira abin ɓurɓushin gawa. Ɗalibai kan wanke hannu da sabulu, amma warin gawa ba ya barin hannun, shi kuma ya ɗauki warin a matsayin shaidar cewa ɓurɓushin na nan. Sai ya nemi abin da ke kashe wari gaba ɗaya. Ya fara da ruwan kulorin, da ya ga yana da tsada ya koma ga garin farar ƙasa mai kulorin da ake jiƙawa a ruwa, ɗan uwan ruwan jabel da ake sayarwa yau a kantunan Maraɗi da Damagaram.

Ganowar ta zo da nauyi mai ɗaci. Semmelweis ya fi yawancin abokan aikinsa shiga ɗakin gawa, don haka hannunsa na cikin waɗanda suka fi kai mata kabari. Bai ɓoye wannan ba, ya amsa shi a fili a rubuce-rubucensa na baya.

Kwano a bakin ƙofa

A tsakiyar watan Mayun 1847 ya kafa dokar: duk wanda ya fito daga ɗakin gawa sai ya wanke hannu da ruwan kulorin kafin ya shiga wajen mata. A watan Yuni mata 6 suka rasu cikin 268, a Yuli 3 cikin 250, a Agusta 5 cikin 264.

Bai tsaya nan ya ce aiki ya ƙare ba, ya ci gaba da ƙirga, kuma ƙirgar ce ta nuna masa inda dokar ke da giɓi. A watan Oktoba aka kwantar da wata mata mai ciwon dajin mahaifa da ke zubar da ruwa a gadon farko, inda likitoci ke fara zagaye. Sun wanke hannu da kulorin a bakin ƙofa, amma tsakanin gado da gado sabulu kawai suka yi amfani da shi. Cikin mata goma sha biyu da aka duba bayanta, goma sha ɗaya suka mutu. Ya fahimci cewa ba gawa kaɗai ce tushen ba, duk wani abu mai ruɓa daga jikin mai rai ma na iya yi. Sai ya faɗaɗa dokar: a wanke hannu da kulorin kafin kowace mace, a wanke kayan aiki, a kuma keɓe masu ciwo mai zuba. A 1848 mace-macen sashe na farko suka sauko ƙasa da biyu cikin ɗari, daidai da na ungozomomi, har aka yi wata biyu, Maris da Agusta, ba a rasa ko mace ɗaya ba.

Abin da ya sa aka juya masa baya

Ba shi ne na farko da ya yi zargin cewa masu karɓar haihuwa ke yaɗa cutar ba. Alexander Gordon ya faɗi haka a birnin Aberdeen a 1795, Oliver Wendell Holmes kuma a Boston ta Amurka a 1843. Amma Semmelweis ne ya kawo gwaji da alƙaluma masu yawa haka. Duk da haka manyan fannin ba su karɓa ba.

Dalilan suna da yawa. Ilimin zamanin ya ginu ne a kan cewa kowace cuta na da dalilai barkatai, shi kuma ya zo yana cewa dalili ɗaya ne. Ba shi da abin da zai nuna a ido, sai lissafi. Kulorin na cin fata kuma wankin na cin lokaci. Uwa-uba, karɓar maganarsa na nufin babban farfesa ya amsa cewa hannunsa ya yi kisa shekara da shekaru. Gustav Adolf Michaelis na birnin Kiel a Jamus ya karɓa, ya gwada, ya ga gaskiya ce. Tunanin cewa shi ya sa wa wata ƴar uwarsa cutar da ta kashe ta bayan haihuwa ya dame shi ƙwarai, kuma a 1848 ya kashe kansa.

Siyasa ma ta shigo. A 1848 guguwar juyin juya hali ta kaɗa a Turai, ƴan Hangari suka tayar wa daular Ostiriya, a jami'a kuma ana takun saƙa tsakanin tsofaffin malamai irin su Klein da matasa masu neman sauyi. Da wa'adin Semmelweis ya ƙare ranar 20 ga Maris na 1849, Klein ya ƙi sabunta shi, aka ba Carl Braun kujerar.

Shi ma yana da nasa laifin. Ba ya son rubutu. Abokansa ne suka riƙa yaɗa labarin, Hebra a mujallar likitocin Biyana a ƙarshen 1847 da kuma 1848, Skoda a wata lacca a 1849. Saboda haka da yawa suka fahimci rabin maganar, suka ɗauka gawa kaɗai yake nufi, kuma duk asibitin da ba a feɗe gawa amma ana mutuwa sai ya zama hujja a kansa. A watan Oktoban 1850 aka ba shi izinin koyarwa da sharaɗin zai yi amfani da mutum-mutumi ne kawai. Ya ɗauki hakan cin fuska, cikin ƴan kwanaki ya tattara ya bar Biyana ba tare da ya yi sallama da abokan da suka tsaya masa ba.

Komawa gida

A Pest ya karɓi shugabancin ɗakin haihuwa na asibitin Saint Rokus a 1851, ba tare da albashi ba. Ya tarar da zazzaɓin na ɓarna, ya shimfiɗa dokokinsa. Daga 1851 zuwa 1855, mata 8 kacal zazzaɓin jego ya kashe cikin haihuwa 933, ƙasa da ɗaya cikin ɗari. A 1855 ya zama farfesan fannin haihuwa a jami'ar Pest. A can ma alƙaluma suka sake tashi a wani lokaci, ya bi sawu har ya gano zannuwan gado ne: an ba da kwangilar wanki ga wanda ya fi araha, ana dawo da su da dattin majinyatan baya. Ya kwashi zannuwan ya kai su gaban jami'in da ke da alhakin kuɗi domin ya gani da idonsa. Da aka gyara wanki, mutuwar ta sake sauka.

A 1857 ya auri Maria Weidenhofer, suka haifi ƴaƴa biyar, biyu sun rasu suna jarirai. Sai a 1858 ya fara wallafa bayaninsa da hannunsa, babban littafinsa kan musabbabi da rigakafin zazzaɓin jego kuma ya fito ɗauke da shekarar 1861, shafi sama da 500 cike da jadawalin alƙaluma, da maimaici, da martani mai zafi. Manyan masana, har da Rudolf Virchow na Jamus, ba su gamsu ba. Semmelweis ya shiga rubuta buɗaɗɗun wasiƙu ga fitattun farfesoshi irin su Scanzoni da Spaeth da Siebold, yana ɗora musu alhakin jinin matan da ke mutuwa a hannun ɗalibansu. Gaskiya na tare da shi, amma zafin harshen ya ƙara toshe kunnuwan da yake so su ji.

Kwana goma sha huɗu na ƙarshe

Zuwa 1865 halinsa ya canza sosai, iyalinsa da abokan aikinsa suka ga alamun taɓin hankali. Ranar 30 ga Yuli aka kai shi Biyana, tsohon abokinsa Hebra ya ja shi zuwa wani gidan masu taɓin hankali da sunan ziyara. Da ya gane ya nemi fita, masu gadi suka lakaɗa masa duka, aka ɗaure shi. Rauni a hannunsa na dama ya ruɓe, cutar ta bi jini. Ya rasu ranar 13 ga Agustan 1865 yana da shekara 47, da irin ciwon da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙa. Mutane ƙalilan ne suka halarci jana'izarsa.

Kwana ɗaya kafin rasuwarsa, a birnin Glasgow na Birtaniya, wani likitan fiɗa mai suna Joseph Lister ya fara gwada sinadarin kabolik a kan raunin wani yaro da ƙashin ƙafarsa ya karye ya huda fata. Lister ya dogara ne da binciken Louis Pasteur na Faransa kan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, ya kuma wallafa sakamakonsa a 1867. A 1879 Pasteur ya nuna ƙwayar cutar da ke cikin jinin masu zazzaɓin jego. Ɓurɓushin da Semmelweis ya kasa nunawa ya samu suna da kamanni. An mayar da ƙasusuwansa Budapest a 1891, a 1964 kuma aka kai su gidan da aka haife shi, wanda yanzu gidan tarihin likitanci ne. Tun 1969 jami'ar koyon likita ta birnin ke ɗauke da sunansa.

Aikin da bai ƙare ba

Sanin ƙwayoyin cuta bai kawo ƙarshen matsalar ba. A babban asibitin jami'ar Janeba a Suwizilan, tawagar Didier Pittet ta ƙirga a 1994 ta ga ma'aikata na tsabtace hannu ne a kashi 48 cikin 100 na lokutan da ya kamata. Aka ajiye ruwan alkol na shafa hannu kusa da kowane gado, ana ƙirga ana kuma nuna wa ma'aikata sakamakon. Cikin ƴan shekaru adadin ya kai kashi 66, cututtukan da ake ɗauka a asibitin suka sauko daga kashi 16.9 zuwa 9.9. A kan wannan Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta gina tsarinta, kuma asibitin Point G na Bamako yana cikin wuraren da aka gwada shi, inda aka riƙa haɗa ruwan alkol ɗin a cikin asibitin.

Tsarin ya ƙayyade lokuta biyar: kafin a taɓa majinyaci, kafin aikin da ke buƙatar tsabta kamar allura ko wankin rauni, bayan an taɓa jini ko wani ruwan jiki, bayan an taɓa majinyaci, da bayan an taɓa kayan da ke kewaye da shi. Shafa alkol na ɗaukar daƙiƙa 20 zuwa 30, wanki da ruwa da sabulu 40 zuwa 60. Ranar 5 ga Mayun kowace shekara an keɓe ta domin tunatar da ma'aikatan lafiya wannan.

Duk da haka, rahoton OMS na 2022 ya ce cikin majinyata 100 da aka kwantar, 7 a ƙasashe masu arziki, 15 kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kan ɗauki wata cuta da ba su zo da ita ba, kuma ɗaya cikin goma na waɗanda suka ɗauka yakan mutu. A wannan shekarar OMS da UNICEF suka ce rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken tanadin ruwa da sabulu ko alkol a wurin duba majinyaci da kuma bayan gida.

Kayan aikin Semmelweis biyu ne, kwanon wanke hannu da littafin rajista. Kwanon ya ceci mata, rajistar kuma ita ta nuna masa cutar tun farko, ita ta tona giɓin Oktoban 1847, ita ta kai shi ga zannuwan Pest. Mai jinyar da ya raka ƴar uwarsa ɗakin haihuwa, a Yamai ne ko Tawa ko a ƙasar da ya je ci-rani, zai iya duba abubuwan nan biyu da kansa: ko akwai ruwa da sabulu ko alkol kusa da gado ana kuma amfani da su kafin a taɓa ta, sannan ko akwai wanda ke auna zafin jikinta yana rubutawa. Idan zazzaɓi ya taso a kwanakin farko na jego, ko bayan an sallamo ta gida, a mayar da ita asibiti a ranar, a kuma faɗa musu inda ta haihu da ranar da ta haihu domin a shigar da shi cikin rajista.